Murfin Tukunyata a Cikin Injin Auta

Mijina makanikin injin jirgin ruwa ne, irin ƙananan injunan nan da ake rataya wa kwale-kwale a baya. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, ni kuma shekara ashirin da takwas ina wanke rigunansa, don haka kada wani ya zo ya ce mini sana'a ce mai tsabta. A bakin ruwa Zai-tashi ake kiransa. Kowane irin inji aka sauke masa, ko wanda ya ƙone ne, ko wanda kaji suka shekara suna kwana a kansa, zai zagaya shi sau ɗaya, ya ɗora tafin hannu a kai, ya ce, "Zai tashi." Tun ana tsokanarsa da maganar har ta bi shi. Yanzu ko 'ya'yanmu aka tambaya gidan wa, sunan da suke bayarwa ke nan.

Shagonsa rumfar kwano ce jingine da katangar gidanmu, amma aikin bai taɓa sanin iyakarsa ba. Ya tsallako tsakar gida tun ina goyon fari. A lokacin da nake ba ku labari matattun injuna tara ne jere a gindin katangata, an lulluɓe su da tsofaffin buhuna, kowanne wai yana jiran wani ƙarfe da za a kawo. Ɓeraye sun haihu a cikin biyu. Bahon wankina ya zama na jiƙa notuna a kananzir. Cokulana kuwa, in na nemi ɗaya na rasa, ba na tambayar yara, rumfa nake leƙawa, in same shi an lanƙwasa masa baki ana kankare giris da shi. Ruwan shan gidanmu ma wani lokaci ƙamshin fetur yake yi, in na yi magana ya ce hancina ne.

Abin da yake taƙama da shi a duniya guda ɗaya ne: bai taɓa yanka inji ba. Haka suke cewa a sana'arsu in an warware injin da ya lalace aka sayar da kayan cikinsa ɗaya-ɗaya, farfela ga wannan, kafireta ga wancan. Akwai mutumin da ya ƙware a kan haka a bakin kasuwa, ana ce masa Mahauci. Kullum cikin fararen kaya yake, da turare mai hawa kai, hannunsa bai san baƙin mai ba, yara yake sawa su yi masa. Maigida in ya hango shi sai ya tofar da yawu gefe. Yana cewa duk wanda ya yanka inji ya nuna wa duniya bai iya gyara ba.

Sai dai akwai abin da ba a faɗa a gabansa, ni kuwa zan faɗa. Maigida ba ya shiga jirgi. Uban da ya haife shi masunci ne, amma shi tun yana yaro in kwale-kwale ya motsa da shi sai cikinsa ya juya, ya amayar da abin da ya ci har da na jiya. Saboda haka ne ma aka kai shi koyon gyara. Duk injin da ya gyara, a cikin wani tsohon duro mai cike da ruwa yake gwada shi. Ya rataya shi a bakin duron, ya ja igiya, inji ya ɗauka, ruwa ya yi ta tafasa yana fantsama a kan shanyata, hayaƙi ya cika gida. Sai ya juyo yana murmushi, ya ce wa mai injin, "Ban gaya maka ba?" Shekara talatin da ɗaya, ruwan da ya sani bai wuce na cikin duron nan ba.

Ƙanena, wanda muke kira Auta, mai fito ne. Yana ƙetarar da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan, safe da yamma, da inji ɗaya tilo da ya mallaka. Da shi yake ciyar da mata da 'ya'ya biyar. Ni na goya Auta, ni na koya masa tafiya, don haka in na ce ƙanena ku ji kamar na ce ɗana.

Shekara shida kafin abin ya faru, Auta ya kawo injin nan yana tari. Maigida ya buɗe, ya tarar wani farantin ƙarfe a gefen injin ya huje. Shi ne yake raba ruwan da ke sanyaya inji da wutar da ke cikinsa, in ya huje ruwa ya shiga inda bai kamata ba, inji ya mutu. Aka nemi sabo aka rasa, aka ce sai bayan wata biyu. Auta ya koma gida ransa a ɓace. Ni kuma da la'asar na dawo daga unguwa na ji ƙarar zarto a rumfa. Na leƙa, sai ga murfin babbar tukunyata a matse a kan benci, an riga an yanke kusan rabinsa.

Tukunyar mahaifiyata ce, farin ƙarfe mai kauri irin wanda ba a yi yanzu. Da hannunta ta ja layi uku da ƙusa a kan murfin, don kada maƙwabta su ara su musanya mata. Ranar na yi masifa har muryata ta dishe. Shi kuwa ko ɗago kai bai yi ba.

"Na ɗan lokaci ne, maman yara. Kafin na gaskiyan ya iso. Ƙanenki ne fa zai ci abinci da shi."

Washegari ya rataya injin a duro, ya ja igiya, ya tashi. Auta ya saɓa abinsa ya tafi yana ta godiya, bai san me aka sa masa a ciki ba. Ni kuma na shiga rufe tukunyata da tire, tururi yana tsere wa ta gefe, girki yana cin itace ninki biyu. Babu maƙwabciyar da ban ba labarin murfin nan ba. In muka yi faɗa da maigida a kan gishiri ma, sai na kawo murfi.

Ranar da abin ya faru da safe ne, ruwa ya cika yana gudu. Auta ya ɗauko mutum goma sha huɗu. Suna tsakiya injin ya yi tari sau biyu ya ɗauke. Ya ja igiya, ya ja, ya ja, har fatar tafin hannunsa ta saluɓe. Ruwa ya kwashe su ya nufi ginshiƙan tsohuwar gada da suka rage a tsaye a can ƙasa. Da ya ga za su daku, sai ya miƙa ƙafa zai tokare ginshiƙin. Ƙafar ta karye wuri biyu, jirgin ya kife. Allah ya sa akwai masunta kusa, suka tsamo kowa da rai, har da wata mata da ta ɗaga jaririnta sama da hannu ɗaya tana shan ruwa. Injin dai ya sulluɓe ya nutse.

Bayan kwana huɗu masu nutso suka ɗaure shi da igiya suka jawo shi, aka turo shi a baro har tsakar gidana. Ban taɓa jin wari irin wannan ba. Baƙar laka ce take tsiyaya ta kowace kafa, haɗe da mai da ruɓaɓɓen ciyayi. Da aka ɗaga murfin sama, wani mataccen kifi ya zamo ya faɗo kusa da turmina, cikinsa a fashe. Ƙudaje suka taru kamar an aika musu. Na toshe hanci da gefen zani na ce a fitar mini da shi, babu wanda ya kula ni. Maigida ya zagaya shi sau ɗaya, ya ɗora tafin hannu a kan lakar nan, ya faɗi maganarsa ta kullum. Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa masa muciya.

Kafin azahar Mahauci ya iso, yana tattare bakin wandonsa don kada ya taɓa ƙasa. Ya jajanta a gurguje, idonsa na kan injin.

"Zai-tashi, kada ka wahalar da kanka. Ku bar mini shi yadda yake, ba sai an buɗe ba. Wanki, fenti, sabuwar takarda a jiki, shi ke nan."

Na ce, "A sayar wa wa?"

Ya yi 'yar dariya. "Ai masu so suna da yawa, uwar gida. Mutanen can saman kogi ba su san tarihinsa ba."

Ya faɗi haka ne a tsakar gidana, ƙanena yana kwance da ƙafa a naɗe. Maigida ya nuna masa ƙofa da sifana. Wannan karon ni na riga shi tofar da yawu.

Da yamma muka je duba Auta, an dawo da shi gida daga asibiti. Yana kwance a kan katifa a ƙasa, ƙafar a miƙe cikin farin filasta, hannun a naɗe da bandeji. Yaran suna zaune jikin bango. Ko gaisuwa bai bari an gama ba ya kalli maigida.

"Yaya, ka gan shi? Akwai rai?"

"Zai tashi," in ji maigida. "Kai dai ka warke. Kafin a cire maka wannan abin, yana nan yana jiranka."

Auta ya lumshe ido yana hamdala. Matarsa ta dube ni, na dube ta. Ni dai abin da na sani, ba na son in sake ganin ƙanena a tsakiyar ruwa da wannan injin a bayansa. Amma in an ce kada a gyara, me zai ci? Da wannan na kwana a raina.

Kwana biyu maigida yana warware injin a kan tabarmar buhu, ya jera kayan ciki ɗaya bayan ɗaya yana wankewa a bahona. Tsatsa ta riga ta kama wasu, wasu kuma yashi ya cika su. A rana ta biyu da hantsi ina tsintar shinkafa a bakin ƙofa, sai na ji waƙar da yake yi a hanci ta tsaya. Na ɗago. Ya cire wani ƙarfe daga gefen injin, ya riƙe shi ya daɗe yana kallo. Sannan ya waiga hagu da dama, ya zura shi a aljihun riga, ya ci gaba da aiki kamar ba komai.

Na ajiye tiren na je na tsaya a kansa.

"Mene ne ka sa a aljihu?"

"Ba komai. Tarkace ne."

"Fito da tarkacen in gani."

Ya yi kamar bai ji ba. Na sa hannu na zaro da kaina. Wani ɓallin farin ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba, ya yi baƙi, ruwa ya cinye shi ya zama kamar rariya, a tsakiya kuma ga rami wanda babban yatsana zai shige. Na goge shi da bakin zani. Layuka uku na mahaifiyata suna nan a gefe, ba su goge ba.

Na ce, "Na gaskiyan bai iso ba ke nan?"

Ya ɗauki tsumma yana goge hannun da ba ya gogewa. "Ya iso. Bayan wata biyu ya iso."

"Yana ina?"

"Wani ya kawo inji irinsa da matsala iri ɗaya, na sa masa. Na Auta yana aiki lafiya lau. Na ce in an sake kawowa..."

Bai ƙarasa ba. Na zauna a kan wani duro da aka kife, ƙarfen a hannuna. Mutum goma sha huɗu da jariri a kan murfin tukunya. Na yi ƙyamarsa a lokacin, ba zan ɓoye ba. Na yi ƙyamar hannuwan nan masu baƙin farce da na yi shekaru ina zuba wa ruwa, na yi ƙyamar injuna taran da ke gindin katanga, da duron, da murmushin da yake yi in inji ya ɗauka.

Abin da ya fi ba ni haushi, bai daddara ba. Ya jawo uwar injin, wato babban ƙarfen da komai yake ɗaure a jikinsa, ya nuna mini da sukudireba. Wai ruwan da ya shiga ya tsaga ta nan, amma tsagar siririya ce, akwai wani gam mai ƙarfi, in an cike aka goge ba mai ganewa. Farantin kuma wannan karon zai sa na gaskiya. Yana magana yana samun ƙarfin gwiwa, har muryarsa ta fara dawowa daidai.

Na ce, "To na ji. Gyara shi. Amma ranar da za a mayar da shi ruwa, kai za ka zauna kusa da shi. Ba a duro ba. Ku je waccan gaɓa ku dawo, ku bi ta gaban ginshiƙan nan. In ka yarda, ni zan riƙe maka sifana."

Ya dubi tsagar. Ya sa farce a ciki ya bi ta daga sama har ƙasa, ta fi yadda ya faɗa tsawo. Ya daɗe a tsugune. Can ya miƙa hannu na ba shi ɓallin murfin, ya shiga ɗaki ya sake riga, ya ce in zo mu je.

A gaban Auta bai yi kwana-kwana ba, wannan kam na yaba masa. Ya ajiye ƙarfen a kan katifa, ya faɗi abin da ya sa a injin, da ranar da na gaskiyan ya zo, da inda ya kai shi. Auta ya juya ƙarfen da hannunsa mai lafiya.

"Yaya, tun farkon damina na ce maka yana tari. Ka sa shi a duro, ya tashi, ka ce man da nake saye ne ba kyau."

"Haka na ce."

"Na canza gidan mai sau uku."

Maigida ya sunkuyar da kai. Ƙaramar 'yar Auta tana gefe tana tsotsar yatsa.

"Yanzu fa? In ka gyara zai tashi?"

"Zai tashi a duro," in ji maigida. "A ruwa ban sani ba. Ba zan shiga jirgin da yake ja ba."

Auta ya juya fuska wajen bango. "To ka yanka shi."

Washegari maigida ya shimfiɗa buhu a bakin rumfa ya jera abin da ya tsira: farfela, kafireta, ƙafar injin da ke shiga ruwa, hannun tuƙi, murfin sama, tankin mai. Labari ya zaga, masu jirage suka zo, wasu don saye, wasu don su ga Zai-tashi yana yanka inji da idonsu. Ba wanda ya tsokane shi. Duk abin da aka ɗauka sai ya faɗi aibinsa kafin a tambaya, kuɗin da aka bayar kuma sai ya ce a miƙa wa matar Auta da ke zaune kusa da ni, ko taɓawa ba ya son yi.

Mahauci ya zo daga ƙarshe, ya tsallake komai ya nufi uwar injin da ke gefe. Ya duƙa ya ga tsagar, ya shafa ta da bakin takalmi.

"Wannan fa ai ba ta da amfani a wurinku. Kawo in rage muku shara."

Maigida ya san abin da za a yi da ita, ni ma na sani: gam, fenti, da wani mai fito a can sama wanda bai san tarihinta ba. Ya shiga rumfa ya fito da babbar guduma. Bugun farko ta yi ƙara kawai. A na huɗu ta rabe biyu, baƙin ruwa mai wari ya fantsamo har kan farin wandon Mahauci. Ya yi tsalle baya yana zage-zage. Maigida bai tsaya ba sai da ya mayar da ita gutsattsari, sannan ya jefar da gudumar ya shige gida. Ranar bai ci abinci ba, ni kuma ban lallashe shi ba.

A cikin watan ya yanka bakwai daga cikin taran da ke gindin katangata. Har yanzu Zai-tashi ake ce masa, suna ba ya fita. Amma in aka sauke masa inji yanzu, ba ya ɗora hannu, cewa yake, "Bari in buɗe tukuna." Wasu sun ce tsufa ne ya kama shi.

Auta ya tashi da ɗingishi. Abin da aka samu bai kai ya sayi wani injin ba, yanzu a jirgin wani yake aiki, shi ke riƙe igiya a gaɓa yana taimaka wa mutane hawa. Lokacin da yake kwance ni nake kai musu abinci. Wata rana na yi girki da yawa, na ɗauka a babbar tukunyar gaba ɗaya, na rufe da tire kamar kullum. Na sauke a gabansa ina goge gumi. Ya dubi tukunyar, ya dubi tiren.

"Yaya, wannan ce ta Inna?"

"Ita ce."

"Ashe kin san inda murfin ya tafi."

Na ce na sani.

"Tun ranar?"

"Tun ranar."

Ya gyaɗa kai a hankali, ba da faɗa ba. Ya ce, "Ba ki taɓa gaya mini ba."

Na buɗe baki in ce ban san me ƙarfen yake yi a cikin inji ba, kuma gaskiya ne, ban sani ba. Amma ban taɓa tambaya ba. Shekara shida na gaya wa mai kayan miya, na gaya wa mai kitso, na gaya wa duk matar da ta shigo aron rariya. Auta yana zuwa gidana duk mako, yana cin abinci daga tukunyar nan, ya tashi ya tafi bakin ruwa, ni kuma ina tsaye ina jin haushin tururin da ke tsere mini ta gefen tire. Ƙyamar da na yi wa maigida ranar nan, ita ce ta dawo mini, wannan karon kuwa ba shi a wurin, sai ni.

Na ɗage tiren na fara zuba wa yaran. Auta ya miƙo kwanonsa da hannun da ya warke, na zuba masa, na kasa kallon fuskarsa.